Yunwar Mama a Gidan Yaya Ewald

Duk mai tsoho ko tsohuwa da ke shirin miƙa wa ɗa gona, ya tsaya ya ji abin da ya faru a gidanmu kafin a sa hannu a takarda. Labarin ba mai daɗi ba ne, kuma tun yanzu ina gaya muku akwai wuta a ƙarshensa. Ni kaina, ran Lahadin nan ta watan Satumba da na sauka daga jirgin ƙasa a ƙauyenmu Rabenhain, na hango ɗakin mahaifiyata babu hayaƙi a bututunsa. Na san shekarar nan ba za ta ƙare mana lafiya ba.

Sunana Alwin Uhlig. Ina aiki a masaƙar safa a Chemnitz, idan an samu zare. Ina da mata, Selma, da 'ya'ya huɗu. Ni ne ƙarami a gidanmu, don haka gona ta tafi hannun yayana Ewald, tunda ba a raba gona.

Idan tsoho ya miƙa gona, sai ya koma ƙaramin ɗakin da ke gefen tsakar gida, a rubuta a kotu abin da ɗan zai riƙa ba shi har ya mutu: madara kullum, dankali, ƙwai, itacen hunturu, rabin alade a Kirsimeti. Haka kowa yake yi. Amma da babanmu ya rasu, shekara guda kafin yaƙi, Mama Ernestine ta ce ita ba za ta riƙa tsayawa da kwano kowace safiya a ƙofar surukarta Hulda ba, tana jiran a auna mata madarar shanun da ita ta rena. Ta ce a rubuta mata kuɗin ƙasarmu, mak sittin a wata, ta sayi abin da ranta yake so. A lokacin har maƙwabta suna cewa ta yi wayo.

To, an ci mu a yaƙi. Sarkinmu Kaisa ya gudu, Faransawa sun zauna a kan kwal ɗinmu, gwamnati tana ta buga kuɗi kamar jarida. Ranar albashi Selma takan jira ni a ƙofar masaƙa, ta fizge kuɗin ta ruga wurin mai burodi kafin ya canza farashi da azahar. Manoma kuwa sun daina karɓar takarda. Sai dai ka kawo kaya a ba ka abinci. Ni ma ranar da madubin ɗakinmu na zo.

Na iske Ewald a tsakar gida yana wasa gatari. Ya ƙara ƙiba.

"A'a, mutanen birni! Yau kuma me aka kawo mana?" Ya leƙa buhun. "Madubi? Alwin, ina da uku a ɗakin shanu. Shanuna sun gaji da kallon kansu."

"Yaya, me ya sa babu wuta a ɗakin Mama?"

"Tambaye ta mana. Mai kuɗi shi yake sayen itace."

"Da wane kuɗin?"

Ya yi dariya, ya ɗaga murya ya kira ta. Ta fito a hankali tana dafa bango. Ya zaro takardar mak miliyan ɗaya daga aljihu, wadda ran nan ko rabin burodi ba ta saye, ya miƙa mata.

"Ga shi, Mama, a gaban shaida. Na biya ki na shekara dubu da ɗoriya. Kada wani ya ce Ewald ba ya cika alkawari."

Mama ta karɓa, ta ninke, ta sa a aljihun rigarta. "Na gode, ɗana," ta ce. Ba ta dube ni ba.

Na bi ta ɗaki. Sanyi ne a ciki kamar rijiya. A bango sai inuwar wurin da agogon Baba yake a da.

"Mama, ina agogon?"

"Yana babban gida. Ewald ya ba ni rabin buhun dankali a kansa. Ai ya yi mini kirki, agogon ya tsufa."

"Sayar miki da abinci yake yi? A gonarki?"

"Gonarsa ce. Ka rage murya, Hulda na jin ka."

Hulda kuwa tana ji. Da na fito ta tare ni a bakin rijiya, hannu a ƙugu.

"Kada ka kalle ni da idon nan, Alwin. Ni na rubuta takardar? Ita ta ce a gaban alƙali ba ta cin sadakar suruka. Yau sadakar suruka ta yi daɗi? Kai kana birni, ba ka san abin da muka gani ba. Lokacin yaƙi gwamnati ta kwashe mana dawaki da shanu, wa ya zo mana jaje? Yanzu da Allah ya juyo da rana wajenmu kowa ya tuna yana da ɗan'uwa a ƙauye."

Na wuce wurin Ewald da buhuna. Ƙaramar 'yata Dorle tana tari tun bazara, likita ya ce madara ce maganinta, kuma a duniya babu inda nake samun madara sai gidan nan. Ewald ya karɓi madubin, ya cika mini buhu da gora, na koma tasha kaina a sunkuye.

Amma ban zauna ba. Cikin makon na je kotun gunduma. Magatakardan, wani siririn mutum da takalminsa ya yage, ya saurare ni har ƙarshe.

"Takarda ta ce mak sittin?"

"E."

"Ya biya mak sittin?"

"Ya biya, amma ranka ya daɗe, ko ƙwayar ashana ba sa saye."

"A wurin doka mak mak ne. Irinku goma nake gani kullum. Ni kaina uwata fansho take karɓa, jiya ta hura wuta da shi."

Na je wurin faston ƙauye. Ya karɓe ni a ɗakin cin abinci, ƙanshin soyayyen nama ya cika gidan. Ya ce lamarin iyali a cikin iyali ake sasanta shi, ya ce Ewald mutum ne mai taimakon coci, ya ce in yi haƙuri. Da zan fita na gane kwandon da ke kan teburinsa. Mama ce ta saƙa shi.

Cikin Oktoba sai da na zo kowace Lahadi, kuma kowace Lahadi ɗakin Mama ya ƙara zama fili. Kwanukan bikinta suka tafi. Akwatin kayan lilin da ta ajiye wa jikoki ya tafi. Kujerar Baba ta tafi. Ranar da na ga babu bargon gashin agwagwa a gadonta, ta rufa da tsohuwar rigar sanyin Baba, sai da na fita waje na jingina da bango. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Idan ta yi magana sai ta huta a tsakiya.

"Mama, ki tashi mu tafi Chemnitz."

"Ku shida a ɗaki ɗaya? In zo in cinye rabon Dorle?"

"Za mu raba."

"A gidan nan aka kawo ni amarya, daga nan za a ɗauke ni. Kuma ran da na fita, Hulda za ta cika ɗakin da kayan mutanen birni, ba zan sake shiga ba. Ka ga fiyano biyu a rumfar karusa, ruwa na dukansu? Ɗakina take nema musu."

Na fara rage abin da Ewald ya auna mini ina bar mata a ƙarƙashin gado. Ba a yi mako biyu ba ya gane. Lahadin da ta biyo na kawo keken ɗinkin Selma, abu na ƙarshe mai daraja a gidanmu. Ya auna mini rabin abin da muka yi ciniki.

"Yaya, ba haka muka yi ba."

"Na ga kana da rarar da kake kyauta da ita. Ashe cika maka mudu nake yi."

"Uwarka ce fa na ba!"

"Uwata tana da hakkinta a rubuce, ina biya. In ka fara ciyar da ita a bayana, ƙauye zai ce ni ne ba na ciyar da ita. Sunana kake ɓatawa."

"To kana ciyar da ita?"

"Ka ɗauki buhunka, jirgi ba ya jira. Ka gaida Dorle. Ya tarin nata?"

Ya san inda zai taɓa ni. Na ɗauki buhuna.

Farkon Nuwamba suka yanka alade. Ranar yanka ranar biki ce, ku ma kun sani. Ana kiran maƙwabta, a ci nama a sha giya, kowane gida a aika masa da tulun romo da yankan nama a ciki. Na iso da hantsi, tsakar gida cike da mutane da tururi da dariya. Dagaci yana nan, fasto yana nan. Mama ba ta nan.

Ina wucewa sai na ga sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin da ake dafa wa aladu abinci. Tun ina yaro ba a taɓa kulle ɗakin nan ba, don babu komai a ciki sai babbar tukunyar ɓawon dankali da dusa.

"Hulda, kwaɗon me wannan?"

Ta goge maiƙo a gaban rigarta. Ba ta ko rage murya ba. "Ɓera muka samu, mai ƙafa biyu. Kullum da safe tukunya ta ragu, aladu suna ramewa. Shekaranjiya na kama shi da cokali a hannu."

Matan da ke wanke hanji suka sunkuyar da kai. Ɗayansu ma Mama ce ta karɓi haihuwarta.

Na shiga ɗakin Mama. Tana zaune a bakin gado, a gabanta tulun romo irin wanda ake aika wa maƙwabta. Na sa cokali na juya. Ruwa ne zalla, ko ƙashi babu.

"Mama, gaskiya ne maganar tukunya?"

Ta daɗe tana kallon hannuwanta. "Da ɗumi take," ta ce. "Ɗumin ne kawai."

Na fita na nufi teburin da Ewald yake yanka wa dagaci nama.

"Yaya, ka kulle wa uwarka abincin alade?"

Ya ajiye wuƙar a hankali.

"Ka sha giya ne tun da safe? Babu wanda ya hana ta abinci. Na ce mata zoben aurenta zai kai ta har Kirsimeti, da nama ma, ita ta ƙi. Taurin kanta ne yake cin ta. Ko ba haka ba, Fasto?"

Fasto ya kalli farantinsa.

"Allah ya isa tsakaninta da kai," na ce.

"Amin. In kana da ƙara, hanyar kotu ka san ta. Kuma daga yau ka nemi wata saniyar."

A jirgi ban ga komai ba sai cokalin nan a hannun uwata. Ni mutum ne mai tsoro, ban taɓa shiga jam'iyya ba. 'Yan gurguzu masu jar tuta sun kira ni, na ƙi. Masu son Kaisa ya dawo sun kira ni, na ƙi. Sojojin da aka turo daga Berlin sun cika tituna, sun harbe mutane a garuruwan da ke kusa, ni dai in na gan su sai in canza hanya saboda 'ya'yana. Amma da na sauka ban nufi gida ba. Na nufi gidan Moritz Lohse.

Lohse tsohon abokin aikina ne, ya bar hannu ɗaya a Faransa, masaƙa ta sallame shi. Shi ne yake jagorantar marasa aiki zuwa ƙauyuka, da rana tsaka, su kwashi abin da manoma suka ɓoye. Matsalarsu ita ce ba sa sanin inda aka ɓoye.

"Uhlig mai tsoron inuwarsa!" ya ce. "Ɓatan hanya ka yi?"

Na zauna na gaya masa. Dankalin yana binne a ramuka bayan tafki, an tara taki a kai. Naman yana cikin bututun hayaƙi na babban gida, bayan wani bangon ƙarya. Man shanu yana cikin rijiya a rataye. Alkama tana ƙarƙashin bambaro a rumbu.

Ya daina dariya. "Yayanka ne fa."

"Shi ya sa na san wurin."

"Mutanena yunwa suke ji, Alwin. In suka shiga, ba ni da linzamin da zan ja su."

"Ban ce ka ja su ba."

Da na gaya wa Selma, sai ta zauna a ƙasa. "Ka kashe mu. Sojoji fa? Yaran fa?"

"Ya riga ya yanke madarar. Me ya rage?"

"Kai ka rage! In aka harbe ka, in ciyar da su da me, da fushinka?"

Tsoron yana nan, amma wani abu ya hau kansa ya zauna.

Ran Lahadi muka sauka a tasha lokacin da ƙararrawar coci take kiran mutane. Mun yi yawa, fiye da rabi mata ne, da buhuna da kekunan tura jarirai. Ban rufe fuskata ba. Ni na shiga gaba, ni na buɗe ƙofar da na yi wasa a bakinta ina yaro, ni na nuna musu takin da za su ture. Da aka fasa bangon bututun hayaƙi, cinyoyin alade suka zubo ƙasa, wata mata ta durƙusa tana gatsa da haƙori tana kuka. Kwaɗon ɗakin aladu ni na karya shi da gatarin Ewald. Samari suka turo fiyano ɗaya suka jefa a ramin kashin shanu, ya yi wata ƙara, kowa ya yi shewa. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, kamar mai ƙishirwa ya samu ruwan sanyi.

Labari ya kai coci. Ewald ya shigo da gudu cikin rigar Lahadi, ya shiga gida ya fito da bindigar farauta. Bai kai ga ɗagawa ba wani ya kwaɗa masa shebur a ƙeya. Ya faɗi rubda ciki a cikin laka. Hulda ta faɗa kansa tana ihu, ta ɗago ta gan ni.

"Alwin! Ɗan'uwanka! Ka taimake ni!"

"Allah ya ƙara," na ce.

Sai na ji wata murya da na yi zaton ta mutu tun Satumba.

"Ku fita daga gonar nan! Ɓarayi! Ku ajiye!"

Mama ce. Ta fito cikin rigar Baba, ƙafa ba takalmi, da sanda a hannu, ta tsaya a ƙofar rumbu tana dukan duk wanda ya zo wucewa da buhu. Dukan ko yaro ba zai ji ba.

"Wannan iri ne! Irin baɗi ne, 'yan banza! Me za a shuka?"

Na ruga na riƙe ta. Ta dube ni, ta dubi gatarin da ke hannuna.

"Kai ka kawo su?"

"Ni ne, Mama. Hakkinki na zo karɓar miki."

Ta tara abin da ya rage mata na ƙarfi ta mare ni.

Ban ga wanda ya sa wutar ba. Daga bayan rumbu ta tashi, ta kama bambaro, iska ta kwaso ta. Mutane suka watse da buhunansu. Kafin maƙwabta su jera bokitai ta ci rumbu, ta ci rumfar karusa, ta tsallaka kan ɗakin Mama. Babu abin da za a ceto a ciki, Ewald ya riga ya saye komai. Na ɗauki uwata kamar yarinya, na sa ta a amalanken hannu tare da buhun dankali da ƙullin man shanu, na tura zuwa tasha. Duk hanya fuskarta tana wajen hayaƙin.

Yanzu tana ɗakinmu a Chemnitz, a gadon da Dorle ta bar mata. Ranar farko Selma ta dafa dankali ta sa man shanu, ta kai mata da zafi.

"Mama, ki ɗan taɓa."

"Daga ina?"

Selma ta juyo ta dube ni.

"Ba na cin kayan sata," in ji Mama, ta juya fuskarta bango.

Na ce mata daga gonarta ne, guminta ne, shanunta ne. Na durƙusa na roƙe ta. Na sayo burodi da albashina na rantse mata ba daga can ba ne, ta ce hannun da ya kawo shi ta sani. Ruwa kawai take karɓa, shi ma sai daga hannun Dorle. Matar da ta ci ɓawon aladu a ɓoye ba tare da ta zagi Ewald ko sau ɗaya ba, ni ne ba ta yi wa magana.

Masu cewa na yi laifi, na ji. Amma ina kuke lokacin da ake kwashe ɗakinta kwano bayan kwano? Magatakarda ya ce doka ce. Fasto ya ce iyali ne. Maƙwabta suka karɓi tulun romonsu suka koma gida. Kowa ya ga hayaƙi ba ya fita daga bututun nan, kowa ya kawar da kai, don kowa yana son abin da ke cikin rumbun Ewald. Kuma ba uwata kaɗai ba ce. Ku leƙa ƙananan ɗakunan da ke gefen gonaki daga nan har kan iyaka, ku ƙirga waɗanda babu wuta a cikinsu. An ce sabon kuɗi ya fito, komai zai daidaita. Ya daidaita wa wa? Ni ban yi nadama ba. Da Ewald yana da rumbu biyu, da na so duka su ƙone.

Sojoji sun kama Lohse. Ewald yana asibitin gunduma, an ce bai farfaɗo ba. Duk takun da na ji a matakala sai in dubi 'ya'yana. Ban san ranar da za a zo kaina ba, ban san ko yayana zai tashi ba. Yau da safe Selma ta sake ajiye kwano a gefen gadon Mama, har yanzu yana nan a rufe. Ban sani ba ko za ta ci.